Kafin Ka Yarda da Indeks, Tambayi Ƙa'idarsa

Sati uku cur na yi ina zarya a wani ofishi a kan kuɗin tallafin karatu, lokacin ina ND II. Duk 'yan ajinmu da suka cike fom sun ji alat, ni kuwa shiru kake ji. Kullum na je sai ma'aikacin ya jawo wani ƙaton littafi, ya tambaye ni sunan mahaifina, ya bi harafin da yatsa daga sama har ƙasa, sannan ya girgiza kai ya ce, "Samari, babu sunanka fa." Ga rajistar zango na biyu ana dab da rufewa, ga shi a gida an riga an faɗa mini cewa bana sai dai haƙuri, don damina ba ta yi kyau ba.

A zuwana na ƙarshe wani dattijo da ke zaune a lungun ofishin ya yafito ni. "Zo nan ɗana. 'Yar takardar da aka ba ka ranar da ka kawo fom, tana nan?" Na ce, "Tana nan, Baba." Ya duba lambar da ke jikinta, ya shiga ciki, ko minti biyu bai yi ba sai ga shi da fayil ɗina. Ashe sunan garinmu da na liƙa a ƙarshen sunana, kamar yadda yawancinmu muke yi, shi aka ɗauka a matsayin sunan iyali, aka jera ni a ƙarƙashin harafinsa. Kuɗina suna nan tun ranar farko, fayil ɗin ma ba wanda ya taɓa shi. Hanyar zuwa gare shi ce kawai ta karkace.

Wannan ƙaton littafin shi ake kira indeks. Ban san ƙa'idar da aka jera shi a kanta ba, shi ya sa na sha wuya.

Kalma ɗaya a ɗaki ɗaya

A ɗakinmu na hostel mu huɗu ne: ni ɗan kwamfuta, sai ɗan akanta, ɗan ƙididdiga, da mai karanta harkar filaye da gidaje. Wani dare muna karatun tes muka lura cewa kowannenmu yana da indeks a handawut ɗinsa, amma kowa da abin da yake nufi. Musu ya kaure har wajen ƙarfe ɗaya. Abin da na tsinta a musun nan shi na kawo muku.

Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta mai nuni, har yatsan da muke kira manuni ma haka suke kiransa. Mu kuma a Hausa muna da fihirisa, wadda muka aro daga Larabci. Tun wajen shekarar 987 wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn al-Nadim, ya rubuta littafin al-Fihrist, inda ya jera littattafan da aka sani a zamaninsa fanni-fanni. To ko a lissafi, ko a kasuwa, ko a kotu, ko cikin kwamfuta, aikin indeks ɗaya ne: ƙaramin abu ya tsaya yana nuna babba. Kuma kullum akwai ƙa'idar da mutane suka kafa masa.

A ajin lissafi: sai tushe ya zo ɗaya

Duk wanda ya wuce SS1 ya haɗu da dokokin indisis. Idan aka rubuta 2⁵, lamba 2 ita ce tushe, 'yar ƙaramar 5 da ke sama kuma ita ce indeks, wadda muke cewa fawa. Tana nuna sau nawa tushen zai ninka kansa: 2 × 2 × 2 × 2 × 2, wato 32. Masanin nan na Faransa, René Descartes, shi ya yaɗa wannan salon rubuta 'yar lamba a sama a littafinsa na 1637.

Dokokin ba su da yawa. In za ka ninka, ka tara fawa: 2³ × 2⁴ = 2⁷, wato 128. In za ka raba, ka ɗebe. Daga nan ne amsar tambayar da ke rikita mutane ta fito, wai me ya sa 5⁰ ya zama 1? Ai 5³ ÷ 5³ abu ne ya raba kansa, amsa 1 ke nan, dokar ɗebewa kuma ta ce 5⁰ ne. Dole su zama abu guda. Wannan dabara ta mayar da ninki ya koma tarawa ita John Napier ya gina logaridim a kanta a 1614, ita ce kuma ke cikin fo-figa tebul ɗin da muka riƙa ɗauka a sakandare.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ake zubar da maki. Dokokin nan ba sa aiki sai tushe ya zo ɗaya. 2³ × 3² ba ka da ikon tara fawarsu, sai dai ka warware kowanne: 8 × 9 = 72. Haka kuma (3 + 4)² 49 ne, wanda ya raba fawar ya ce 9 + 16 zai ƙare da 25, ya faɗi. Ku riƙe maganar tushen nan, za mu sake haɗuwa da ita a kasuwa.

Kada kuma wani ya ce wannan na jarrabawa ne kawai. A ce kana kashe naira 20,000 a wata, farashi kuma yana tashi da kashi 30 cikin 100 duk shekara har shekara uku. Mai gaggawa zai ce 30 sau uku 90 ne, don haka zai buƙaci 38,000. Amsar gaskiya ita ce 20,000 × 1.3³, wato naira 43,940, ya haura ninki biyu. Kowace shekara tana hawa ne a kan ta baya. Da yayyafi kogi kan cika.

A kasuwa: wa ya cika kwandon?

Ɗan akanta da ɗan ƙididdiga sun fi kowa ɗaga murya a nan. A wurinsu indeks ma'auni ne. Ana zaɓar wani lokaci a ce shi ne tushe, a ba shi maki 100, sai a riƙa auna sauran lokuta da shi. In kwandon kayan da ka saya 20,000 bara ya koma 26,000 bana, ma'auninka ya tashi daga 100 zuwa 130. Hanyar da aka fi bi, ta riƙe kwandon shekarar tushe a ga nawa ya koma yau, ana danganta ta da masanin tattalin arziki na Jamus, Étienne Laspeyres, tun 1871.

Haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, take fitar da ma'aunin farashin kayan masarufi, wanda daga shi ake lissafa hauhawar farashi. A Disambar 2024 ta ce hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin 100. Da ta fitar da na Janairun 2025 sai ga kashi 24.48. Na tuna yadda aka yi ta surutu a kafteriya, wasu na cewa kaya sun sauko, wasu na cewa ƙarya ce tsagwaronta tunda kwanon shinkafa bai ji labari ba.

Abin da ya faru shi ne an sabunta tushe. An bar shekarar 2009 an koma 2024. Kayan da ke cikin kwandon sun ƙaru daga 740 zuwa 934, nauyin da ake bai wa abinci kuma ya sauko daga sama da rabin kwandon zuwa wajen kashi 40 cikin 100. Sabuntawar ba laifi ba ce, don yadda mutane ke kashe kuɗi a 2009 ba haka yake yau ba, ku duba kuɗin data kaɗai. Amma wanda ya ɗebe 24.48 daga 34.80 ya ce ga saukin da aka samu cikin wata ɗaya, ya yi kuskuren mai tara fawar 2³ da 3². Tushen ba ɗaya ba ne.

Abu na biyu, ko da tushe ɗaya ne, saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Mota ce ta rage gudu, amma gaba take yi. Na uku kuma, kwandon na matsakaicin gida ne a faɗin ƙasa. Naka kwandon, ɗan uwa, garau-garau ne da indomi, kuɗin adaidaita, data da fotokwafi. In abinci ya cinye kashi 70 na kuɗinka, to tsadar abinci za ta fi dukanka fiye da abin da ma'aunin ƙasa ya nuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kasuwar hannun jari ma haka. Babban ma'aunin kasuwar Legas, wadda yanzu ake kira NGX, ya fara da maki 100 a Janairun 1984, ya haura 100,000 a Janairun 2024. Ƙa'idarsa ita ce kowane kamfani yana da nauyi daidai da jimillar darajar hannayen jarinsa, saboda haka manyan kamfanoni 'yan ƙalilan za su iya ɗaga shi sama alhali ƙanana da yawa suna faɗuwa. Shi kuwa Dow Jones na Amurka, wanda aka fara a 1896 da kamfanoni 12, yanzu 30, farashin hannun jari ɗaya yake dubawa. Kamfanin da hannunsa ɗaya ya fi tsada shi ya fi motsa ma'aunin, ko da wani ya fi shi girma. Kasuwa iri ɗaya, ƙa'ida daban, labari daban.

To idan masu ba da alƙaluman suna da riba a cikin sakamakon fa? An gani a Landan. LIBOR ma'aunin kuɗin ruwa ne da aka ɗaura basussuka da kwangiloli na ɗaruruwan tiriliyoyin daloli a kansa. A da, kullum manyan bankuna kan faɗi ruwan da suke ganin za a ba su bashi a kai, a zubar da na can sama da na can ƙasa, a ɗauki matsakaicin sauran. Faɗa ce kawai ta baki, ba lallai an yi cinikin ba. A Yunin 2012 hukumomin Birtaniya da Amurka suka ci bankin Barclays tarar fam miliyan 290 saboda murɗa alƙaluman, wasu bankunan suka biyo baya. Bayan wannan badaƙala Tarayyar Turai ta yi dokar ma'aunai a 2016, ta fara aiki a Janairun 2018, inda ta wajabta wa mai fitar da ma'auni ya yi rajista, ya bayyana hanyar lissafinsa, ya kuma kauce wa son rai. LIBOR na dala kuwa an daina karɓar alƙaluman bankuna a kansa a ƙarshen Yunin 2023.

A kotu: abin da ba a iya nemowa

Mai karanta harkar filaye ya bari sai da muka gaji sannan ya ce duk namu wasa ne, a wurinsu indeks yana iya raba mutum da gidansa.

Ya fara da fihirisar dokoki. Kundin Dokokin Tarayya na 2004 an jera shi ne bisa haruffa, shi ya sa za ka ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a babi na L5. Amma kundin yana da ranar da ya tsaya. Dokar kamfanoni da ke babi na C20 an soke ta, an maye gurbinta da sabuwa a 2020. Ɗalibin da ya bi tsohuwar fihirisa ya kwafo sashe ya sa a furojet ɗinsa, ya kafa hujja da matacciyar doka. Sannan Dokar Fassara ta Najeriya ta fayyace cewa kanun sashe da 'yar bayanin gefe ba sa cikin dokar kanta, an sa su ne don sauƙin nema. Manuni ya nuna maka wuri, karatun kuma sai ka shiga ciki ka yi da kanka.

Sai rajista. Mai hankali ba ya cinikin biri a sama. Kafin ya biya kuɗin fili sai ya sa a bincika masa a ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a ga sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da shi a banki. Kamfanin da ya jinginar da kadararsa kuma doka ta ba da kwana 90 a yi wa jinginar rajista a hukumar CAC. In ba a yi ba, jinginar ba ta da ƙarfi a kan sauran masu bin kamfanin bashi. Kayan da ake iya ɗauka, kamar injina da dabbobi, su ma suna da rajistarsu da Babban Bankin Najeriya ya buɗe a 2016, doka ta mara mata baya a 2017. Hikimar duka ɗaya ce: doka ba ta son ɓoyayyen haƙƙi, tana son wanda baƙo zai iya nemowa.

Tambayar da ta fi ɗaure mini kai ita ce, in an shigar da takarda amma an jera ta a inda bai dace ba, kamar yadda aka yi wa fayil ɗina, wa zai ɗauki asara? A Amurka, inda yawancin ofisoshin filaye ke jera takardu da sunan mai sayarwa da na mai saye, kotunan jihohi sun rabu. Wasu sun ce wanda ya miƙa takardarsa ya sauke nauyinsa, wasu sun ce ya kamata ya koma ya tabbatar an jera ta daidai. A ɓangaren jinginar kaya kuwa, kashi na 9 na dokar kasuwancinsu ta bai ɗaya, UCC, ya yanke magana. In mai ba da bashi ya rubuta sunan wanda yake bi ba daidai ba, rajistarsa ba ta da amfani, sai fa in binciken sunan gaskiya a na'urar ofishin zai fito da ita duk da kuskuren. Wato harafi ɗaya na iya mayar da bashi mai jingina ya koma mara jingina. Ku tuna da mu masu rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, Sulaiman a katin ɗan ƙasa, Suleiman a banki.

A cikin kwamfuta: sauri yana da farashi

Nawa fannin ke nan, kuma a nan ma na sha kunya. Furojet ɗina manhajar ajiye bayanan ɗalibai ce. Da na gwada da suna 50 komai lafiya lau. Malamin da ke duba ni ya ce in cika ta da bayanan gwaji dubu ɗari biyu. Ina danna nema sai ta tsaya tana tunani. Ya kalle ni ya ce, "Kai, ina indeks ɗinka?" Na ce, "Malam, ban sa ba."

In babu indeks, rumbun bayanai layi-layi yake bi har ya gama, allura cikin ruwa ke nan. In akwai, jerarren kwafi ne na gurbin da kake nema, kowane da alamar inda cikakken bayanin yake. A jerarren abu kana iya buɗe tsakiya, ka yar da rabin da ba ya ciki, ka sake raba sauran. Tunda 2²⁰ ya kai 1,048,576, taki 20 sun ishe ka gano mutum ɗaya cikin miliyan. Ga indisis ɗin SS1 ya dawo. Tsarin da MySQL da PostgreSQL suka fi amfani da shi, bishiyar B, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a 1970 suna aiki da kamfanin Boeing, ya fi haka ma sauri, don kowane reshe yana rabuwa gida-gida da yawa. In gida 100 yake rabuwa, 100³ miliyan ɗaya ne, taki uku kacal.

Da na ga daɗin abin sai na bi kowane gurbi na manna masa indeks. Nema ya yi sauri, amma shigar da sabbin ɗalibai ya koma tafiyar hawainiya, saboda duk layin da aka ƙara sai an gyara kowane indeks, ga cin wuri. Malam ya yi dariya ya ce, "Ai kowace fihirisa da ka buɗe, ka ɗauki magatakardan da za ka riƙa biya." Ga ƙa'idojin da na koya daga nan:

Kowane tebur yana buƙatar babban makulli, lambar da ba ta maimaituwa kuma ba a barinta fanko. Suna ba ya wannan aiki, a aji ɗaya ma sai ka samu masu suna ɗaya su uku. Dalilin lambar matirik ke nan, da NIN da BVN masu lambobi 11.

In ka haɗa gurbi biyu a indeks ɗaya, na farko shi ne ƙofa. Indeks na sunan iyali sannan sunan yanka zai taimake ka in ka san sunan iyali, amma da wuya ya yi maka amfani in sunan yanka kaɗai ka sani. Abin da ya same ni a ofishin nan ke nan, ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Gurbin da amsarsa biyu ce tak, kamar namiji ko mace, indeks ba ya rage aiki sosai a kansa, tunda rabin teburin zai dawo maka.

Neman kalma ta ƙarshenta ko tsakiyarta ba ya cin moriyar jerin haruffa, kamar dai neman duk kalmomin da suka ƙare da "wa" a ƙamus. In kana shakka, umarnin EXPLAIN zai nuna maka ko rumbun ya bi indeks ko ya bi layi-layi.

'Yan furogiramin kuma su tuna, a Python da Java da C gurbin farko na jeri lambarsa 0, a MATLAB kuwa 1. Wanda ya manta yaren da yake ciki zai ɗauko maƙwabcin abin da yake nema.

Abin da za ka tafi da shi

Da musu ya lafa, mun yarda cewa tambayoyi huɗu sun isa a yi wa kowane indeks. Mene ne tushensa, ko a kan me aka jera shi? Wa ya kafa ƙa'idar, kuma yana da riba a ciki? Yaushe aka sabunta shi? In ya yi kuskure, wa zai kwana a ciki?

Amsar ta ƙarshe, a mafi yawan lokuta, kai ne. Don haka kafin hutun nan ka baje takardunka a kan katifa: ta JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, katin NIN, bayanan BVN da takardar shiga makaranta. Ka duba ko harafin sunanka ɗaya ne, ko jerin ɗaya ne, ko ranar haihuwa ta zo daidai. In akwai saɓani ka fara gyara yanzu, tun kafin neman bashin karatu, ko kiran bautar ƙasa, ko ranar karɓar satifiket, lokacin da layi zai yi tsawo kuma kowa yana sauri. Duk 'yar takardar da aka ba ka mai lamba a ofis, ka ɗauke ta hoto ka adana. In ka je neman fayil, ka fara faɗin lambar kafin suna. In kuma aka ce babu sunanka, kada ka juya ka tafi kamar yadda na yi har sati uku. Ka tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, da wane suna aka jera?" Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.